Ranar da Na Tsufar da Inna da Hannuna

Bari in fara da amsa laifina tun kafin a tambaye ni, domin ni na aikata, babu wanda ya sa ni. A watan Disamban 2020, ranar ɗaurin auren autarmu a garinmu Mandera, na zaunar da mahaifiyata a kan tabarma, na shafe kusan awa guda ina yi mata kwalliya, da na gama na tashe ta ta ƙara shekara goma a kan shekarunta. Har yau idan na tuna sai in ji wani abu ya tokare min maƙoshi.

A lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Ina zaune a birnin Sakkwato, na yi kwas na mako uku a wani shagon kwalliya, na ƙara da kallon bidiyo a YouTube har tsakar dare, na kuma yi wa amare kusan goma kwalliya an yaba. Abin da ban lura da shi ba shi ne duk waɗanda na taɓa fuskarsu 'yan mata ne 'yan shekara 18 zuwa 22, masu fata mai maiƙo, a cikin ɗaki mai sanyi. Irin wannan fuska ko me ka ɗora mata za ta karɓa, ni kuwa sai na ɗauka gwanintata ce. Da biki ya matso na shiga babbar kasuwar Sakkwato, 'yan makonni kafin gobarar da ta ci ta a Janairun 2021, na sayo sabuwar kwalbar fandeshon da konsila da hoda, na cika jaka, na hau mota muka bi ta Boɗinga muka nufi ƙasar Shagari, ina ta lissafin yadda zan ba dangin ango mamaki.

Inna kuwa duk tsawon rayuwarta kwalliyarta ba ta wuce uku ba: kwalli, man kaɗe, sai ranar Sallah ta ɗan shafa fankeke. Tana da tsagar Gobirawa ta gidan kakanninta, wadda ta taso daga gefen baki ta bazu zuwa wajen kunne, ga kuma layukan da shekaru suka zana mata a goshi da gefen ido da gefen hanci. Ba ta so a taɓa ta ba. Amarya ce ta dinga yi mata magiya har da hawaye, wai dangin miji za su zo da mai hoto daga birni, ba ta son a ce uwar amarya ce kaɗai ba a gyara ba. Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta faɗin sunana. Ta dube ni ta ce, "To ke, taho ki yi, amma kar ki maishe ni abin kallo."

Duk wanda ya san Disamba a ƙasar Sakkwato ya san abin da ake ciki. Iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara ɗauke da ƙura, laimar da ke cikin iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Leɓe ya fashe, dunduniya ta yi faso, yara su yi furu-furu kamar an tono su daga rami. A cikin wannan yanayi na sa Inna ta wanke fuska da sabulun salo, na kuma hana ta shafa mai, saboda a shagon da na koya an ce mana mai yana sa kwalliya ta zame. Na ɗauko fandeshon irin wanda ke bushewa ƙayau ba sheƙi, wanda masu shago ke kira mat, kuma wanda ya fi fatarta haske da mataki biyu, don a tunanina hasken zai sa ta fito a hoto. Na shafa da buroshi, na ga layuka na nan, na ƙara wani. Na bi tsagar nan ɗaya bayan ɗaya na cike ta da konsila kamar mai toshe ɓarakar bango. Sannan na tula hoda a ƙarƙashin idanunta na bar ta ta zauna minti goma, salon nan da ya yaɗu a Instagram wajen 2015. A cikin duhun ɗaki, wallahi, ta yi sumul. Har na ɗauke ta hoto da wayata ina murmushi.

Ta fita tsakar gida. Uwar amarya kuwa ba ta da hutu: gaisuwa, dariya, amsa barka, kiran wannan, aiken wancan. Kafin azahar na hango ta daga bakin madafa, gabana ya yanke ya faɗi. Kowane layi na fuskarta ya fito fari tas, har da waɗanda ban taɓa sanin tana da su ba. Ƙarƙashin idonta ya tattare ya daddare. Gefen hancinta ya yi ɓawo-ɓawo. Tsagar da na cike ta koma wasu fararen zare a kan kumatu masu launin toka. Mata suna ta satar kallonta suna kau da kai, babu mai iya magana, sai wani jikanta ɗan shekara shida, da yake tsakanin jika da kaka babu shamaki, ya tsaya gabanta ya ɗaga murya ya ce, "Kaka, huskarki ta tsattsage awa tabkin bayan gari!"

Aka kwashe da dariya. Ita ma ta yi dariyar, har ta kai masa dukan wasa ta ce ta fasa aurensa. Sannan ta shige ɗaki ta aiko a kira ni. Na same ta riƙe da ɗan madubinta mai jan baki, ba ta ɗago ba ta ce, "Ɗebe man abin ga." Ba ta ƙara ko kalma ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi. Na wanke mata da hannuna. Fatar da ta sha sabulu da hoda da gurza ta yi ja, tana yi mata zafi, don haka da mai hoto ya iso da la'asar ta ƙi fitowa. A duk hotunan bikin autarta guda ɗaya ne take ciki, shi ma ta ja mayafi har kan hanci. Garin gyaran gira na rasa ido.

Na koma Sakkwato na yi kusan wata biyu ban buɗe jakar kwalliyar nan ba. Da na buɗe, a kan fuskata na fara, domin ni ma na haura arba'in, kuma da na tsaya gaban madubi a hasken rana na ga irin abin da na yi wa Inna na daɗe ina yi wa kaina, kaɗan-kaɗan, babu jikan da zai gaya min.

Abin da na fara fahimta shi ne yadda fata take. Saman fatar mutum matattun ƙwayoyi ne a jere, masu kaɗewa a hankali wasu su maye gurbinsu, kusan duk mako huɗu ga matashi, kuma abin yana ƙara jinkiri da shekaru. Idan akwai ruwa da maiƙo a jikinsu sukan kwanta lif. Idan suka bushe sai gefunansu su ɗaga, kamar ɓawon albasa. Shi kuwa fandeshon ba komai ba ne illa garin launi da aka dama cikin ruwa ko mai. Ruwan zai tafi, busasshiyar fata ma tsotse shi take yi nan da nan, a bar garin shi kaɗai, ya maƙale a bakin kowane ɓawo ya nuna shi. Layi kuma wuri ne da fata ke naɗewa duk sanda aka yi dariya ko aka ɗaga gira. Duk naɗewa ɗaya sai ta tura abin da aka shafa zuwa cikin kwarin, ya taru a can. Ashe ke nan yawan abin da ka zuba shi ne yawan abin da zai taru. Ni da nake ƙara shafi don in rufe layi, abinci nake ba shi. Ga fatar gefen ido ita ce mafi siranta a fuska, ba ta da maiƙon kirki, nan kuma na fi tula hoda, wadda aikinta shi ne shanye maiƙo. Likitocin fata sun ce mace takan rasa kusan kashi 30 cikin 100 na kolajin, sinadarin da ke riƙe fata ta yi tsauri, a shekaru biyar na farko bayan ɗaukewar al'ada. Fuskar Inna da ta amaren da na saba da su ba abu ɗaya ba ne, ko da sunansu ɗaya.

Wani abin da ya ba ni dariya a cikin binciken nan shi ne asalin kalmar fankeke da iyayenmu ke faɗi. Sunan wata hoda ce, Pan-Cake, da kamfanin Max Factor ya ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1930 domin 'yan fim, lokacin da aka fara fim mai launi, aka fitar da ita kasuwa a 1938. Kuma tun asali da jiƙaƙƙen soso ake shafa ta. Mu da sunan ya iso mana sai muka bar soson da ruwan a can, muka riƙe hodar.

Amma darasin da ya fi zauna min ba a waya na same shi ba. Da kaka ta yi, a 2021, na je Mandera na iske Inna a bayan ɗaki tana gyaran murhunta da ya fashe. Ta kwaɓa ƙasa da ƙaiƙayi ta ajiye gefe, ta ɗauko ƙwarya tana yayyafa wa tsohon murhun ruwa, ta jira ya sha, ta sake yayyafawa. Na ce, "Inna, ba ga ƙasar a jiƙe ba, me ya sa sai kin jiƙa murhun?" Ta dube ni irin kallon da ake yi wa ɗan birni ta ce, "Ke kin taɓa ganin an yi yaɓe bisa busasshen wuri? Shanye ruwan shika yi, yaɓen ya ɗage. Kuma ba a labta ta da kauri, tsagewa takai. Kaɗan-kaɗan a ka bi." Ta ci gaba da aikinta tana dannawa da tafin hannu. Ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni. Ban sani ba ko da gangan ta faɗa, Inna ba ta cika yin magana a banza ba, amma ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Allah da ikonsa, a Janairun 2022 autarmu ta haihu, ta zo wankan gida, aka sa suna a Mandera, cikin tsakiyar wani hunturun. Kwana huɗu kafin suna na tattara ƙarfin hali na durƙusa gaban Inna na ce ta ba ni dama in biya bashin da ke kaina. Ta yi shiru har na fid da rai, sannan ta ce, "In kin ka sake maishe ni tabki, ke da taɓa huskata har abada."

Aikin ya fara ne tun daren ranar, babu kwalba ko ɗaya a ciki. Na roƙe ta ta ajiye sabulun salo da soson wanka daga fuskarta na kwanakin nan, domin sabulu mai ƙarfi yana kwashe ɗan maiƙon da ya rage. Na jiƙa tsumma mai laushi da ruwan ɗumi na goge mata fuska a hankali don ɓawon ya sauka, sau ɗaya tak, kwana uku kafin taro, saboda fatar da aka gurza ranar kwalliya fushi take yi. Masu yin dilka ma su lura da wannan, a gama ta da sauran kwanaki. Kullum dare kuma, tana gama alwalar isha'i fuskar da sauran danshi, sai in ɗiga gilisarin kaɗan a tafin hannu in haɗa da ruwa in shafa mata, in bi da man kaɗenta. Gilisarin jawo ruwa yake yi ya riƙe, man kaɗe kuma ya rufe kada iska ta kwashe. A irin iskarmu, idan aka shafa gilisarin shi kaɗai ba a rufe shi da mai ba, ba ya daɗewa. Man kaɗen da na hana ta shafawa bara, shi ne rabin maganin.

Ranar suna na jira ta yi alwala ta yi sallar azahar tukuna. Wannan ma abin lura ne da bidiyon Turawa ba zai gaya miki ba: malamai sun ce duk abin da zai hana ruwa taɓa fata sai an gusar da shi kafin alwala, don haka kwalliyarmu tsakanin salla da salla take rayuwa, kuma mai kauri ta fi wuyar wankewa da sakewa. Na fito da tabarma bakin ƙofa inda haske yake, na bar duhun ɗakin da ya yaudare ni. Na shafa mata mai marar nauyi, na ɗan ƙara a gefen ido da gefen hanci, muka zauna muna hira minti goma sha biyar har ya shiga jiki, sannan na dafa tsumma a kai na ɗauke abin da ya yi saura. Idan aka yi gaggawa a nan, ko aka labta man da ya yi yawa irin Vaseline, fandeshon ɗin zamewa zai yi ya murmushe, wato abin da malamar shagonmu take tsoro ke nan, sai dai maganinsa jira ne da rage yawa.

Kwalbar da na zo da ita wannan karon mai ruwa-ruwa ce, mai ɗan sheƙi, kuma launin Inna ce sak. Na gwada kala uku a gefen haɓarta a rana, na jira 'yan mintuna domin wasu sukan ƙara duhu bayan sun sha iska, na zaɓi wadda ta ɓace a jikinta. A nan ina da ƙorafi a kanmu mu masu kwalliya. Shekaru da yawa muna da uzurin cewa ba a yin kalar baƙar fata, amma tun da Rihanna ta fito da Fenty Beauty da kala 40 a 2017 kamfanoni suka shiga gasa, ga kuma namu na gida irin su House of Tara da Zaron. Yanzu idan kin ga an mayar da baƙar mace launin toka, son haske ne kawai. Kuma launi mai haske a kan fata mai duhu shi ne ke fara tona asirin kowane layi. Wannan son hasken ne ya kai wasu ga man bilicin, har hukumar NAFDAC ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a 2023. Na sha karɓar 'yan mata 'yan shekara 25 da man nan mai sinadarin sitiroyid ya sirantar musu da fata har jijiyoyi na nunawa. Fuskar Inna mai shekara sittin da ɗoriya ta fi tasu sauƙin aiki nesa ba kusa ba.

Na ɗiga fandeshon a bayan hannuna, bai fi ƙwayar wake ba, na haɗa shi da ɗigon mai, na murza da yatsa ya yi ɗumi. Na jiƙa soson kwalliya na matse shi sosai har ba ya ɗiga. Sannan na fara daga tsakiyar fuska, gefen hanci da saman kumatu da haɓa, inda launin fatarta bai daidaita ba, ina dannawa ina ɗagawa, kamar yadda na ga ta yi wa murhu. Ban ja ba, ban goga ba, domin ja shi ke tayar da ɓawon da aka sha wahalar kwantarwa. Goshi da gefen ido da layin dariya ban ɗebo musu sabo ba, abin da ya rage a jikin soson kawai na dafa musu. Rabin fuskarta ma, wajen kunne da gefen goshi, babu abin da ya taɓa shi, kuma babu wanda zai iya nuna inda aka tsaya.

Da na zo kan tsagar sai na tsaya. Ta lura, ta ce, "Wagga ba taki ta ba, bar ta." Na ce to, Inna. Na naɗe auduga a tsinke na bi kowace tsaga na share ɗan abin da ya faɗa ciki, ta fito da duhunta yadda take tun tana jaririya. Yau ba a cika yi wa yara tsaga ba, dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ma ta hana, ni kaina ba a yi min ba. Amma wadda ke fuskar Inna sunan gidansu ne, kuma sai a ranar na ji kunyar cewa bara na ɗauke ta a matsayin aibin da za a toshe.

Na bar ta minti biyar, na ce ta yi dariya. Ta ce da wa? Na kira jikan nan nata, ya zo ya tsaya yana leƙen fuskarta, ita kuwa ta fashe da dariya tun kafin ya buɗe baki. Ɗan abin da ya taru a gefen idonta na dafe shi da yatsan zobe ya baje. Wannan shi ne matakin da ba a tsallakewa, domin idan hoda ta hau kan abin da ya riga ya taru, ta kulle shi ke nan har dare. Hodar ma ɗan buroshi na taɓa, na kaɗe, na dafa a karan hanci da tsakiyar goshi, shi ke nan. Ƙarƙashin ido ko ƙura ban sa ba. Na rufe da feshin ruwa kaɗan daga nesa, na miƙa mata kwallinta ta zizara da kanta, domin a wannan babu abin da zan koya mata.

Ba zan yi muku ƙarya in ce layukan sun ɓace ba. Suna nan, ana ganinsu, kamar yadda ake ganinsu kowace rana. Babu kwalbar da ke share su, duk mai tallan da ya ce miki akwai, kuɗinki yake so. Abin da ya bambanta shi ne babu wanda ya kalli layin kafin ya kalli matar. Wajen la'asar sakaliya iska ta ɗan busar mata da kumatu, ban ƙara hoda ba, na fesa ruwa na dafa da soso, ta koma daidai. Da mai hoto ya zo na sa ya tsayar da ita tana fuskantar haske, domin hasken da ya bugo daga gefe shi ke jefa inuwa a cikin kowane kwari. Gwaggonmu ta zo wucewa ta tsaya ta ƙare mata kallo ta ce, "Yau kam kin yi kwana mai daɗi, huskarki ta yi kyau." Ba ta ma san an shafa komai ba. Inna ta ce, "Alhamdu lillahi," ta saci kallona ta kau da kai.

Ta shiga hoto goma sha ɗaya a ranar, na ƙirga. Akwai wanda take riƙe da jaririyar tana dariya har ana ganin wushiryarta, shi ne na wanke na sa a firam, yana rataye a ɗakinta kusa da kalanda. Da aka kira magariba ta ɗauki butarta ta wanke fuskar tas, ta yi alwala, ta shafa man kaɗenta. Ina haɗa kayana washegari na nemi soson nan na rasa. Sai da na zo yi mata sallama na hango shi a cikin ɗan kwanon da take ajiye kwalli, an wanke shi an shanya a kan murfi.